Na Kai Kalanguna Jidda

Ko karin kumallo ban yi ba na kama hanyar filin jirgin Kano, ni da kalanguna. 'Yar marigayi yayana ce ta kira ni Jidda. A can aka haife ta, kuma mawaƙiya ce, mai irin waƙar soul ɗin nan ta baƙaƙen Amurka. Kundin waƙoƙi take haɗawa da kiɗan Birazil, tana so in buga mata a guda ɗaya. Don zumunci na amsa, amma a raina na ɗauka shirme ne.

Muna sauka zafi mai danshi ya tare mu, kamar an buɗe tukunyar dambu. Ta ɗauke ni a mota tana cakuɗa Hausa da Larabci, rabi ina ganewa, rabi ina gyaɗa kai. A unguwar Bab Makka na ci ful, dafaffen waken nan nasu, da gurasa mai zafi har na ji kunya, sannan ta bi da ni ta Karantina, unguwarsu da aka rushe. Fili ne fetal. Ta nuna wani wuri ta ce, "Baffa, nan ne ɗakin Baba." Ban ga komai ba sai ƙasa.

Washegari a ɗakin ɗaukar waƙa na tarar da wani dattijo ɗan Birazil, baƙi kamar ni, da ƙatuwar ganga. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa. Ya buga, na amsa, ya yi dariya ya ƙara. Sai 'yar yayan nawa ta fara waƙar, ashe ta gidan nan nasu da aka rushe ce. Da ta zo baitin Hausa sai ta kakare, har sau huɗu. Ta ce, "Halas, shi ke nan, a cire shi. Mutanen gida dariya za su yi mini."

Na ce, "Ba za a cire ba. Bi kalangu." Na riƙa faɗin kalmomin da kiɗa tana bi, har suka zauna a bakinta. Da ta kai ƙarshe na ji muryar yayana sak a cikin tata. Na juya baya kamar ina gyara tsarkiya.

Kwana shida na yi na dawo Kano. Tafiyar ta koya mini in daina yanke hukunci kan abin da ban saurara ba. Na kunna wa matata waƙar a waya, ta ji sau biyu, ta goge ido da bakin zane ta ce, "Wannan Hausar ai ta gidanku ce."