Waken da Kawu ya ba ni

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ban taɓa musun haka ba. A firamaren da nake koyarwa a Kankia, ko alli ya karye a hannuna sai in ga kamar da gangan ya yi. Da wannan halin muka shiga rigima da Yayana a kan kunya biyu kacal, a gonar da mahaifinmu ya bar mana a Dudunni. Gambar da aka dasa don nuna iyaka ce ta mutu a wani gefe, kowa ya ce kunyoyin nan nashi ne. Wata uku ba gaisuwa. Mai unguwa ya sa ranar da za a tsaya a gonar, saura sati biyu, ni kuwa na san in na buɗe baki yadda na saba, zumuncinmu ya ƙare ke nan. Gaskiya na ji tsoro.

Na tafi wurin Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, tsohon malamin allo, don ya tsaya mani. Ya bar ni na zazzage masa cikina tas, sannan ya sa aka kawo masa wake cikin ƙoƙo. Ya ce kullum bayan sallar asuba in zauna, ban da waya, in ɗauki ƙwaya ɗaya, in ja numfashi, in yi tasbihi ɗaya da hankalina a kai, in jefa ta a wani ƙoƙon. Da zarar zuciya ta tafi gona, in maida waken duka in sake daga farko.

"Kada ka yi faɗa da ita," in ji shi. "Jawo ta kawai, yadda ake jawo akuya daga gonar mutane."

Ranar farko huɗu na kai. Ƙwaya ta biyar ta same ni ina shirya baƙar maganar da zan gasa wa Yaya. Rana ta uku kaza ta lallaɓo ta far wa ƙoƙon, na bi ta da takalmi tasbihin na bakina, matata na dariya har da riƙe bango. Amma a hankali abin ya fara zama. Na soma jin kukan kurciya a kan dalbejiya, da dakan maƙwabta, da numfashina kansa. Ƙoƙon dai ban taɓa ƙare shi ba.

Ranar tsayuwar an kwana da ruwa, ƙasa ta jiƙe. Na zuba wake a aljihu. Yaya ya fara, wai boko ya lalata ni, ban san hanyar gona ba sai da kaka. Zafi ya taso mani har kunne. Na sa hannu a aljihu, na kama ƙwaya ɗaya, na ja numfashi. Na kama ta biyu. A ta uku ne na dube shi sosai, na ga furfura ta cika masa gemu, kamarsa ɗaya da mahaifinmu. Tausayinsa ya kama ni.

Yaya ya zaro hannu daga aljihunsa zai nuna iyaka, sai ga wake ya watse a ƙasa. Na fito da nawa na buɗe tafi. Kawu na gindin gawo yana kallon sama, kamar bai san zancen ba.

"Nawa ka kai?" in ji Yaya.

"Talatin, Yaya."

"Ni ban taɓa wuce bakwai ba."

Muka kwashe da dariya har mai unguwa ya rasa ta inda zai fara. Muka duƙa muka tsince waken, muka haɗa da nawa, muka shuka a kunyoyin biyu da dugaduganmu. Har yau wake ake sa musu, kuma in mun girbe gidan Kawu muke kai shi.