Rinse Algra da Jar Maraƙar Tjalling

Kafin a gama tatsar safe za ka hango Rinse Algra a kan kekensa, iska na tura shi yana tura ta, fensir a bayan kunne. Aikinsa ɗaya ne a ƙauyukanmu na Friesland: duk maraƙin da aka haifa sai ya zana shi, hagu da dama da goshi, inda baƙi ya tsaya da inda fari ya soma. Da zanen ake gane saniya har ta mutu. Yanzu an kawo lambar roba da ake maƙala wa kunne, an ce Rinse ya je ya huta. Ni kam raina bai so ba.

Yakan ce tun a ciki ake raba wa maraƙi dabbare-dabbarensa, ko tagwaye ba sa zuwa iri ɗaya. Maruƙa sun tauna masa hula, wani ma ya cinye hoton kansa, amma bai taɓa ɗaga wa ko ɗaya hannu ba.

Kun dai san halinmu: baƙi da fari shi ne mutunci. Aka haifa maka jan maraƙi sai wuƙa, kafin labari ya kai kasuwa a daina sayen irin shanunka. To, saniyar da maƙwabcina Tjalling ke taƙama da ita ta haifi maraƙa ja wur. Ya kasa yankawa, ya kasa nunawa, sai ya kwashi baƙin man takalman gidan kaf ya shafe ta. Na je aron igiya ke nan Rinse ya iso, ya tsuguna ya fara zane, uwar kuwa ta miƙo wuya tana lasar 'yarta.

Can ya ce, "Tjalling, yau ina zana baƙi yana gudu."

"Haske ne. Tagar nan ba ta da kirki."

"Hasken ne ya baƙanta wa uwar harshe?"

Tjalling ya zauna daɓas a kan bokiti. "Ɗan'uwa, rufa mini asiri. Ka rubuta ja na shiga uku, ka ƙi zana ta kuma sai na yanka ta."

"Fensirina ba ya ƙarya. Amma ba laifinka ba ne, jan nan yana kwance a jinin uwa da uba tun kakanni, ranar da suka haɗu ya fito. Miƙo baro da buhu."

Haka Rinse ya tura ta har gidansa a lulluɓe, duk wanda ya tambaya sai ya ce dankali ne, dankalin kuwa yana kuka. Sannu a hankali filinsa ya cika da jajaye, muka yi ta yi masa dariya ba tare da ya taɓa faɗin inda ko ɗaya ta fito ba. Yau jajayen sun yi wuyar samu, daga birane ake zuwa kallonsu.

Rinse, kai ne mai ido ba mai baki ba. Ka tsare gaskiya, ka tsare rai, ka bar mutum da hularsa a ka. Mun gode. Ku kuma matasa, in kun ga abin da bai yi kama da saura ba, ku yi irin nasa, kada ku fara da wuƙa.

Ranar walimar sallamar Rinse na ga Tjalling ya tara baƙi a bakin shingen filin jajayen, yana nuna wata jar saniya da sanda, ƙirji a gaba. "Kun ga waccan? Kakarta daga garkena ta fito!"