Kantar da Ke Kafaɗar Yayana

A shekarar da aka katse layukan waya a Maiduguri ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin zamantakewa. Muna zaune a Limanti, ni da yayana da mahaifiyarmu, wadda muke kira Ya kamar sauran 'ya'yan Barebari. Yaya bai yi makaranta ba. Tun rasuwar mahaifinmu yake dako a Kasuwar Kifi ta Baga Road, yana ɗaukar kwalayen banda daga rumfa zuwa mota, kuma da dakon nan nake karatu.

A wancan zangon karatu muna da darasin nazarin aikata laifi. Malaminmu wani dattijo ne mutumin kudancin Borno, mai magana a hankali. Shi ya koya mana wata hanyar bincike da Turawa ke kira fozitibizim. Ya ce ma'anarta a ajiye zato da jita-jita, a tsaya kan abin da ido ya gani, aka auna, aka ƙirga. Ya ce mai laifi ba haka kawai ya wayi gari ya zaɓi laifi ba, akwai abin da ya tura shi, kuma in an bi a hankali za a gano shi yadda likita ke gano cuta. Maganar ta shige ni. Muna cikin garin da kullum ake kashe mutane, kowa yana raɗa nasa dalilin, sai ga wanda ya ce abin yana da asali kuma ana iya saninsa.

Ya kuma ba mu labarin wani likita ɗan Italiya na zamanin da, wanda ya bi fursunoni yana auna kawunansu da kunnuwansu da muƙamuƙansu, ya ce ana gane ɓarawo da mai kisa a jikinsu. Aji ya kwashe da dariya. Da na ba Yaya labarin muna cin tuwo, sai ya ja kunnuwansa biyu ya ce, "To ƙanwata, zo ki auna ni mu ji." Har Ya sai da ta dara.

Ba a daɗe ba aka kai hari kusa da kasuwar. Washegari Yaya ya fita aiki kamar kullum. Wajen azahar muka ji sallama, sai ga matar da yake yi wa dako, wata 'yar kasuwa Kirista daga kudu maso gabas da ke sayen banda tana turawa garinsu. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, tambaya ta yi ta yi har ta iso. Ta durƙusa gaban Ya, ɗankwalinta a hannu.

"Mama, sun tafi da yaronki."

Ta ce da hantsi jami'an tsaro suka zagaye kasuwar, suka zaunar da maza a rana, suka ce kowa ya cire riga. Suna bi ɗaya bayan ɗaya suna duba kafaɗa da yatsu. Wai wanda ya saba rataya bindiga, igiyarta na bar masa kanta a kafaɗa. Yawancin 'yan dako a ka suke ɗaukar kaya, amma Yaya ya taɓa gurɗe wuya, tun daga nan a kafaɗar dama yake ɗora kwali. Fatar wurin ta yi baƙi ta yi kauri.

"Na yi ihu, na ce kifina ne ya yi masa wannan," in ji ta. "Na ce su tambayi kowa a kasuwa. Ɗaya ya nuna ni da bindiga ya ce in koma rumfa."

Ya ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauki mayafi, ta manta takalmi, sai da na bi ta da shi.

Muka shiga yawo. Duk inda aka ce ana tsare mutane mun je, kuma ko'ina muna tarar da mata zaune a bakin ƙofa da kwanon abinci a cinya, ba wanda ke karɓa. 'Yar kasuwar nan ta raka mu sau da yawa, tana yi wa masu gadin ƙofa Turanci, suna ce mata ba su san shi ba. A nan Ya ta saba da wata tsohuwa Shuwa wadda aka tafi da autanta a rana ɗaya da Yaya, tela ne a bakin kasuwa.

Da na rasa inda zan sa kaina sai na je ofishin malaminmu. Na gaya masa komai. Na ce, "Malam, abin da muka yi wa dariya a aji, shi aka yi wa yayana."

Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce masana sun watsar da maganar likitan nan tun tuni. Yanzu ba jiki ake aunawa ba, ana duba talauci ne, da rashin makaranta, da shekarun mutum, da maraici, da unguwar da ya tashi.

Na ce, "To ai duk Yaya ne wannan, Malam."

"Na sani, 'yata," ya ce. "Ƙirgen nan yana magana ne kan taron jama'a. Ba ya iya nuna mutum ɗaya ya ce wannan ne. Amma mai bindiga mutum ɗaya yake son a nuna masa."

Ya yi alkawarin zai yi magana da wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki da jami'an tsaro. Ban sani ba ko maganar ce ta yi aiki, ko shaidar da shugabannin kasuwa suka yi ta kaiwa, ko kuwa wurin da ake tsare da su ne ya cika. Na ci gaba da zuwa aji saboda Ya ta ce in je, amma abin da ake faɗa ba ya zama a kaina.

Bayan damina aka sako shi tare da wasu. Mai keke ne ya kawo shi ƙofar gida, sai da ya yi magana na gane shi. Ya rame, yana tari, ƙafafunsa sun kumbura. Ya ta riƙe fuskarsa tana kiran sunansa da Barbarci, a ranar ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko.

Bai sake iya ɗaukar kaya ba. 'Yar kasuwar ta ce ya zo ya riƙa zama mata a rumfa, ya je kwana kaɗan ya daina, domin ko mota ce ta tsaya da ƙarfi sai jikinsa ya ɗau ɓari. Daga baya kawunmu ya tafi da shi garin Khaddamari yana taya shi ban ruwan albasa, duk da can ma babu cikakken zaman lafiya. Abin da ya gani a tsare bai gaya wa kowa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Tsohuwar nan Shuwa ce kawai ta tambaya. Da ta ji an sako shi ta zo har Limanti, ta zauna a tabarma kusa da shi.

"Ɗana, ka ga autana? Ɗaki ɗaya aka sa ku?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce an raba su tun a mota. Ta yi masa addu'a ta tafi. Da yamma na same shi a bayan ɗaki yana kuka ba sauti, ya ce kar in gaya wa Ya. A nan na gane ba gaskiya ya gaya wa tsohuwar ba. Tsohuwar ta ci gaba da zuwa bakin ƙofar wurin da ake tsare mutane da kwanonta har shekarar da na gama jami'a.