Tayoyin da Na Yanka wa Zane

Har yau in na jiyo kukan motar tsere daga bakin teku, sai raina ya ɓaci.

Shekarar da aka buɗe gasar tseren matasa a Jidda, ta ƙananan motocin nan masu kujera ɗaya, ina aikin faci a wani sito a unguwar Khumra. Kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya samu kwangilar ajiye tayoyin wata ƙungiyar masu tseren. A lokacin ina neman auren wata yarinya a Hindawiyya, mai haɗa turaren wuta, wadda in ta yi dariya nake manta zafin garin. Yayanta sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: tsayayyen aiki da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama, in babu, kada in ƙara taka ƙofarsu.

Da aka sauke tayoyin na duba su. Sumul suke, ko zane ɗaya babu. A sana'armu taya in ta suɗe haka ba a yar da ita, wuƙa mai zafi ake sawa a sake fitar mata da zane. Ni kuma littattafan soyayyar da alhazai ke zuwa mana da su sun cika mini kai. Na hango kaina na ceci ɗan wani attajiri daga halaka, uban ya rungume ni yana hawaye, yarinyar tana gefe cikin mayafi ruwan hoda tana kallona. Tsakanin azahar da la'asar na yanka wa taya takwas zane, ban faɗa wa kowa ba.

Ranar bikin buɗe gasar na sa farar jallabiya, na gayyato yayan nata ya ga yadda za a karrama ni. Muna tsaye bayan rumfunan gyara kafilina ya taho da taya ɗaya a hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ya ammi," na ce ina murmushi. "Sun suɗe ne, na gyara."

"Sababbi ne, ya majnun! Tayoyin tsere haka ake ƙera su! Halas, yalla, kada in sake ganinka!"

Yaran tseren da ko gemu ba su fara ba suka wuce mu rungume da hulunan kwano, ba wanda ya waiwayo. Motocinsu kamar kyankyasai, ihu kawai suka iya.

Yayan ya gyara hularsa ya ce, "To, injiniya, Allah ya ƙara basira. Shagona na rufe don in zo kallon korarka?"

Iƙamata ta mutu bayan wata biyu, ba mai sabunta ta. Sau ɗaya yarinyar ta kira ni. Na yi zaton kuka za ta yi, har na tanadi kalaman lallashi.

"Me ya hana ka tambaya?" Abin da ta ce ke nan, ta kashe wayar.

Yanzu tayoyin 'yan tasi nake yi wa zane a wani lungu a Ammariyya. Su dai suna godiya.