Ranar da Aka Ce Lado Baƙo Ne

Lado bai san shekarar da aka haife shi ba. Abin da ya sani shi ne mahaifiyarsa ta goyo shi daga wani ƙauye na bayan Magarya a wata shekarar yunwa, ta sauka a Babura gidan kawunta, ba ta sake komawa ba. A Babura ya yi rarrafe, a nan aka yi masa kaciya. A wancan zamani ba a ɗauki tsallaken iyaka wata ƙasa ba. Arewa kawai ake cewa.

Haƙar rijiya ya koya a wajen mijin uwarsa. Lado gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana. Ranar da aka ba da mulkin kai yana saurayi, yana cikin rami a Kanya Babba. Da aka jawo shi sama aka ce masa Turawa sun sauka daga mulki, ya ce to, ya nemi ruwan wanke ƙafa. Ya auri Batulu, 'yar asalin Babura, suka haifi 'ya'ya huɗu. Da arzikin mai ya zo aka shiga yin rijiyoyin kankare, aiki ya riƙa kai shi har Roni da Gwiwa. Ya sayi keke, ya rufa wa Batulu ɗaki da kwano. Da aka dawo mulkin farar hula ya bi layi ya jefa ƙuri'arsa kamar kowa.

A shekarar 1983 aka sake kaɗa gangar zaɓe. Lauwali, ɗan maƙwabcinsu, shi ne shugaban matasan jam'iyyar da ke riƙe da tarayya a unguwar. Ya zo da tuta ya ce zai kafa a kan zauren Lado.

"Ka yi haƙuri, ɗana," in ji Lado. "Ni kowa nake haƙa wa. In na kafa taku, gobe waɗancan ba za su kira ni ba."

Lauwali ya naɗe tutarsa ya tafi. Ya san 'yan'uwan Batulu duk 'yan ɗaya jam'iyyar ne, kuma haka ya fassara maganar.

A bazarar nan Lado ya gama wata rijiya kusa da tashar mota, wadda mutanen unguwa suka yi karo-karo suka sa shi. Sai labari ya zo cewa Alhaji Daudu Mai Siminti, ɗan kwangilar Kano da ke neman kujerar majalisar dattawa, zai tsaya a Babura ranar kasuwa. Kafin a ankara su Lauwali sun shafe bakin rijiyar da fentin jam'iyya, sun ɗaura ƙyalle a kai. Aka ce wa Lado ya sa rigarsa ta Juma'a ya tsaya a gefe.

Bayan la'asar motoci suka iso. Alhaji Daudu ya fito, dogo, mai fara'a, ya yanke ƙyallen, ya riƙe hannun Lado da hannu biyu.

"Sannu da aiki, malam. Allah ya biya."

Lado ya ji daɗin wannan. Bai ɓoye ba.

Daga nan Alhajin ya hau bayan a-kori-kura, aka miƙa masa lasifika. Ya iya magana. Ya ce yana goyon bayan a ƙirƙiro sababbin jihohi, domin Kano ta yi wa talakan Babura nisa. Ya ce man fetur na ƙasa ne baki ɗaya, ba na waɗanda aka haƙo a bayan gidansu kaɗai ba. Aka tafa. Ya ce tsuke bakin aljihun da gwamnati ta yi magani ne mai ɗaci, a daure a shanye. Nan ba a tafa ba. Wata mai sayar da daddawa ta ɗaga murya daga baya ta ce sabulu ya gagare su, kananzir ya gagare su, wane irin magani ne wannan. Aka fara gunaguni.

Alhaji Daudu ya jira har aka yi shiru.

"Gaskiyarki, uwata. To amma ina kayan suke tafiya? Ku da kuke bakin iyaka kun fi ni sani. Gwamnati ta sallami baƙin haure a farkon shekarar nan, ni kuwa ina tare da ita, har ma na ce ba a gama ba. Suna nan a cikinku. Suna cin abincinku, suna karɓe ayyukanku, wasu har katin zaɓe aka yankar musu. In kuka tura ni majalisa, sai kowa ya koma gidan ubansa."

Wuri ya ɗauki sowa. Lado ma ya tafa kaɗan, don a ransa maganar ta shafi malaman makaranta 'yan Gana da aka ce sun tattara sun bar Kazaure. Sai ya ji wani daga cikin samarin ya ce, "Ai ga ɗaya nan da farar riga." Aka yi dariya. Ya waiga ya ga wa ake nufi, ya tarar shi ake kallo.

Ba a yi mako ba, da hantsi, Lauwali ya zo da wasu mutum biyu masu kaki. Suka yi sallama da Lado, ya fito da fartanya a hannu.

"A ina aka haife ka?" in ji babbansu.

Lado bai iya ƙarya ba. Ya faɗi sunan ƙauyen.

"Kana da takardar zama?"

"Zaman me, ranka ya daɗe? Nan ne gida. A tambayi mai unguwa."

Aka aika, aka ce mai unguwa ya tafi gona. Mutane suka taru a bakin zaure. A cikinsu akwai Maikasuwa mahauci, amininsa, wanda suka yi shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya. Lado ya dube shi. Maikasuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Bi su kawai, Lado. A sasanta daga baya."

Batulu ce kaɗai ta tsaya masa. Ta fito mayafi a karkace, ta tsaya gaban Lauwali.

"Kai Lauwali, ruwan da aka wanke ka da shi ran da aka haife ka, daga rijiyar mutumin nan aka ɗebo. Ni na ɗebo shi."

"Inna, ba ni ba ne, doka ce," in ji shi, yana kallon wani wuri.

Aka sa Lado a bayan mota aka sauke shi a tsallaken iyaka. A can ma jami'ai suka nemi takarda, da suka ji bakinsa suka ce ɗan Najeriya ne, suka sa shi shara na wasu kwanaki kafin su sake shi. Ya taka har ƙauyen da aka haife shi. Wata tsohuwa ta tuna sunan mahaifiyarsa, ta dama masa fura, amma gidan nasu ya daɗe da zama gona. Ya koma Magarya yana ga-ruwa, ana biyansa da sefa. Da ruwan shuka ya sauka ya bi masu jakuna ta hanyar daji ya dawo.

Ba wanda ya sake zuwa nemansa. Duk wanda ya haɗu da shi sai ya ce sannu da zuwa, ya hanya, kamar wanda ya dawo daga cin rani. Batulu ta ce wannan ya fi kamun ci masa rai. Ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Ranar zaɓe bai fita ba.

Alhaji Daudu ya ci. Bai daɗe a kujerar ba sojoji suka karɓe mulki a ƙarshen shekara. Maikasuwa ya zo da saurinsa ya kawo labarin, har da cewa an ji ana neman Alhajin.

"Ka gani, Allah ya saka maka."

Lado yana gyaran igiya, bai ɗago ba, bai kuma shimfiɗa masa tabarma ba.

"Shi Alhaji ai bai san ni ba," ya ce. "Ku ne kuka san ni."

Kafin wata damina ya sayar da gidan, ya kwashe iyalinsa zuwa wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Ƙasa ce mai dutse, haƙa a can wahala ce, ga shi ƙarfi ya fara ja baya. In aka tambaye shi daga ina, sai ya ce daga gabas, ya ja bakinsa. Ya hana 'ya'yansa ambaton Magarya ko da wasa. Tari ya kama shi, irin na masu shiga rami, ya yi ta fama da shi har ya kwantar da shi. A can aka binne shi. Sai bayan sadakar bakwai labari ya isa Babura.

Batulu ta koma wajen 'yan'uwanta, ta tsufa a ɗakin ƙaninta. Lauwali ya yi kansila, ya je Makka, ya ajiye iyali. In ya gan ta a gidan suna ko gidan rasuwa yakan durƙusa har ƙasa ya ce, "Ina kwana, Inna." Ita kuwa takan ce lafiya, don ba a ƙin amsa gaisuwa, sai ta juya ta ci gaba da abin da take yi.