Noti Shida na Baba Ajimi

Ranar an yi ruwan ƙarshe na daminar shekarar, irin yayyafin nan da ba ya hana kowa fita, sai dai ya jiƙa kafaɗa ya bar ƙasa tana ƙamshi. Baba Ajimi mai walda yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar shagonsa a unguwar Fezzan, ya lulluɓe injin walda da buhu, sai ga wata a-kori-kura ta tsaya. Tana jan ƙaramar tirela mai taya biyu, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya. Babu komai a kanta sai shimfiɗar ƙarfe.

A lokacin Baba Ajimi ya haura shekara sittin da biyar. Tun yana saurayi ya koyi walda a wajen wani Bakano a bakin tasha, bai kuma taɓa yin wata sana'a ba. Ƙofofi, tagogi, kejin janareta, rabin unguwar aikinsa ne. Ba shi da yawan magana, amma yana da alfahari guda ɗaya: abin da ya haɗa ba ya rabuwa. Yana kuma da wata ɗabi'a irin ta masu waldan garin. Duk notin da ya ɗaure a abin da zai kwana a waje, sai ya ɗiga masa walda kaɗan, don kada ɓarawo ya zo da sifana ya kwance. Nasa ɗigon ya fi na kowa, domin a ɓoye yake yin sa, ta can bayan notin, inda ido ba ya kaiwa.

Wanda ya sauko daga motar Dzarma ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a Galtimari, wanda tun da ya bar aiki ya kama noman tumatir a bakin kogi. Tare yake da matarsa Rose, da direban motar, Garzali.

"Wushe, sannu da aiki, Ba Ajimi. Ɗaki nake so ka gina mini a kan wannan."

"Ɗaki a kan taya?"

"Ƙarami, daidai tabarma ɗaya da injin ban ruwa. In rana ta take in shiga in kwanta, in zan dawo gida in kulle injin a ciki. Amma ka saurare ni da kyau. Ba na so ka haɗa shi da tirelar da walda. Noti shida nake so. Ranar ɗiban tumatir zan kwance, in sauke ɗakin a kan bulo, in loda kwanduna in kai kasuwar Gamboru."

Baba Ajimi ya zagaya tirelar, ya buga tayar da ƙafa. Maganar ba ta yi masa daɗi ba.

"Malam Dzarma, ni shekara arba'in ina haɗa ƙarfe don kada ya rabu. Yau kuma ka ce in haɗa don ya rabu?"

Rose ta yi dariya. "Baba, ai ba aure muka ce ka raba ba. Ɗaki ne."

Sati uku ya yi yana aikin. Ya yi wa ɗakin gindi nasa na daban, ya tayar da bango da kwano, ya sa silin a ciki saboda zafi, ya buɗe taga biyu su kalli juna don iska ta ratsa. Ya huda ramuka shida, uku a kowane gefe. Ya kuma liƙa zobba huɗu a kusurwoyi, yadda za a zura bututun ƙarfe biyu, mutum huɗu su ɗaga. Da ya gama ya kira su, a gabansu ya kwance notin da sifana ɗaya, aka ɗaga ɗakin, aka mayar. Dzarma har tafi ya yi.

Aka bar shi ya yi fenti, washegari a zo a ɗauka. Washegarin Juma'a ce. Da hantsi ya shiga ƙarƙashi ya ƙara ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya. Yana kwance a wurin ya tuna ɗakin nan a daji zai riƙa kwana, da inji a cikinsa. Injin walda kuwa a kunne yake, hannunsa yana kusa. Bai zauna ya yi shawara da kansa ba, hannu ne kawai ya yi abin da ya saba. Ɗigo shida, a ɓoye. Ya bi da baƙin fenti. A ransa ya ce in sun zo zai faɗa musu. Amma da Garzali ya iso an kusa kiran salla, kowa yana sauri, aka ɗaura tirela aka tafi. Daga nan maganar ta fita daga kansa.

Wata huɗu ɗakin yana lambu a kan tayoyinsa, ba wanda ya bukaci sauke shi. Dzarma duk inda ya zauna sai ya yabi Baba Ajimi.

Ran nan a farkon zafi, da safe, waya ta yi ƙara a aljihun Baba Ajimi. Dzarma ne, muryarsa a sama.

"Ba Ajimi, notin nan sun ƙi juyawa! Mun tsinke tumatir tun asuba, kwando talatin da wani abu suna ƙasa. Ko ɗaya ya ƙi motsi. Wannan Garzalin ne, rannan ya ce bari ya ƙara ɗaure su saboda gargadar hanya, na san shi ya murɗe su ya lalata."

Nan take Baba Ajimi ya tuna Juma'ar nan, ya tuna ɗigo shida. Ga mutum biyu a tsaye a gabansa sun kawo gyaran ƙofa, suna jin abin da yake faɗa. Ya buɗe baki don ya ce ni ne, sai ya ji kansa yana cewa:

"Tsatsa ce. Ku zuba baƙin mai, ku ɗan jira."

Suka zuba, suka jira. Da azahar Dzarma ya sake kira, ya ce sifana ta karye. Baba Ajimi ya ce su ƙara mai. Da la'asar wayar ta sake ƙara, ya dube ta har ta yi shiru.

Da ya koma gida matarsa Zainaba ta ajiye masa burabusko da miyar kuka, ya kai loma biyu ya janye hannu.

"Malam, lafiya? Ko ciwon idon ne ya tashi?"

Ya gaya mata duka, kansa a ƙasa. Ta ɗauke kwanon.

"Waldar ba ta dame ni ba, hannunka ne, na san shi. Amma ka bar bawan Allah yana shan zagi a kan abin da bai yi ba? Kai da ko allura ba ka taɓa ɓoye wa mutum ba?"

Da gari ya waye ya sa kurfin yanka ƙarfe da guduma da sababbin noti shida a jaka. Babu lantarki a lambu, da hannu za a yi. Ya hau keke mai ƙafa uku har inda kwalta ta ƙare, sauran ya taka.

Warin ne ya fara tarbarsa. Abin da a-kori-kura ta iya ɗauka an kai kasuwa jiya, amma sawu ɗaya kawai aka samu, don an ɓata yini ana fama da noti. Sauran kwandunan sun sha rana, na ƙasa sun fashe suna tsiyaya, ƙuda ya rufe su. Rose tana zaune a kan bokiti tana tsintar masu ɗan dama tana yankawa, ko za a shanya su zama kauɗa. Garzali yana can nesa jingine da motarsa, shi da Dzarma ba mai kallon wani.

"Yawwa, ga mai aikin ya zo," in ji Dzarma. "Ba Ajimi, shiga ka gani da idonka abin da mutumin nan ya yi mini."

Baba Ajimi bai shiga ba. Ya ajiye jakar, ya ɗaga murya yadda Garzali zai ji.

"Ba shi ba ne. Ba kuma tsatsa ba ce. Ni na ɗiga musu walda ranar da za a ɗauka. Jiya da ka kira na sani, na yi maka ƙarya."

Wuƙar Rose ta tsaya. Dzarma ya cire hularsa, ya dube ta, ya mayar.

"Na ce maka noti, Ba Ajimi. Sau nawa na faɗa?"

"Ka faɗa."

"Da jiya da safe ka ce mini walda ce, da na aika an kawo zarto. Kafin rana ta take mun gama."

"Haka ne."

Garzali ya matso yana kaɗa mukullin mota. "To Baba Dzarma, jiya har da cewa hannuna na jaki ne. Yau hannun wa ya zama?"

"Garzali, ka yi haƙuri," in ji Dzarma. Baba Ajimi ma ya ce, "Ka yafe ni, ɗana. Zagin nawa ne ka sha."

Rose ta nuna kwandunan da wuƙa. "Baba, ɓarawon da ka tsare mana bai zo ba. Ga shi kai ka riga shi."

Ba wanda ya yi dariya. Baba Ajimi ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin tirelar. Ƙasa ta jiƙe da baƙin man da ya ce a zuba, yana ɗiga masa a gemu. Ya kankare fenti, ya lalubo ɗigon farko da yatsa, ya ɗora kurfi ya fara bugu. Waldar mai kyau ce, ta ƙi sakin jiki, ya kuma san babu wanda zai ɗora wa laifin wannan. Noti na uku ne ya sha masa babban yatsa. Da Garzali ya ga jini ya durƙusa ya ce a ba shi gudumar, tsohon ya ce a'a. Sai ya riƙe masa kurfin kawai.

Ana kiran azahar daga ƙauyen tsallake na shida ya faɗo. Aka jera bulo, aka zura bututu a zobba, aka kira wani maƙwabcin lambu ya cika na huɗu. Ɗakin ya tashi sumul, ya sauka daram, kamar yadda aka gwada a Fezzan. Baba Ajimi ya miƙa wa Dzarma sababbin notin a tafin hannu, ya ce ya ɗaura da kansa duk ranar da ya so. Dzarma ya karɓa, ya ce ya zauna ya sha ruwa. Baba Ajimi ya sha a tsaye, ya ɗauki jakarsa.

Har yanzu Baba Ajimi yana shagon, ko da yake ido ya rage. Duk wanda ya kawo aikin noti, sai ya tambaye shi sau biyu ko a ɗiga ko a bari. Dzarma yana gaishe shi in sun haɗu, har ya tambayi lafiyar Zainaba. Amma bara da ƙofar gidan Dzarma ta ɓalle, Baba Ajimi yana zaune a gindin darbejiya ya ga an wuce da ita a kan tirelar nan, an nufi shagon wani. Ya ɗaga wa Garzali hannu, Garzali ya yi masa hon.

Ɗakin yana nan a lambun Dzarma, a kan bulo, da injin ban ruwa a cikinsa. Tirelar tana Galtimari, ita ke kai tumatir Gamboru.