Ƙarfen da Ya Riƙe wa Baba Wata

Ni mace ce mai mantuwa, mutanen gidanmu shaida ne. Sai in ajiye makulli a cikin kwandon albasa in tayar da gida da nema. Amma akwai wani yammaci guda a saman dal ɗin gidanmu na Zongo, wato rufin simintin da muke shanya a kai, wanda ko tsufa ya cinye mini hankali ban jin zai fita daga raina. Yammacin duban watan azumi ne, a shekarar da idon Babanmu yake gab da rufewa.

Tun Baba yana saurayi yake cikin masu hawa sama duban wata. Duk ƙarshen Sha'aban, ana idar da la'asar za ka ga dattawan layinmu suna hawowa dal ɗinmu ɗaya bayan ɗaya, su juya fuska yamma, wajen Gana. Kusan kullum shi yake riga kowa. Ana ta zare ido, sai ka ji ya ce a hankali, "Ga shi can, saman itacen kwakwa." Daga baya hawan jinin ido ya kama shi. Likita a unguwar Tokoin, a nan Lome, ya gaya mana gaskiya: na dama ya tafi, na hagu saura ɗan gurbi, kamar mai leƙe ta ramin makulli, kuma shi ma yana kan hanya. Azumin da ya gabaci na shekarar nan Baba ya hau kamar yadda ya saba. Mutane suka yi ta kabbara sun ga wata, shi kuwa ya lallaɓa bango ya sauko. Na ji shi yana ce wa Mma, mahaifiyarmu, "Da dai zan sake ganin jinjirin wata sau ɗaya." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ni kuka na yi, don shi na iya. Yayata kuwa ba haka take ba. Ita malamar kimiyya ce a wata lise, wato sakandare, a Tokoin, ba ta da surutu, ni ce aka ba wa bakin gidan gaba ɗaya na tafi da shi kasuwa sayar da atamfa. Ana nan, da Sha'aban ya kama, sai ga ta da zemijan biyu, masu babur ɗin haya, ɗaya ya ɗauko ta rungume da wani dogon bututu, ɗaya ya ɗauko ƙafafun ƙarfe uku da wani dunƙulen ƙarfe mai kusoshi. Madubin hangen taurari ne, na hannu, ta samo shi wajen masu kayan kwantena a Adakpamé.

Na ce, "Yaya, yaƙi za mu tafi?"

Ta ce, "Kama mini ƙafafun, sarkin magana."

Dunƙulen ƙarfen nan da bututun yake zama a kansa, shi take kira montir, kuma ashe shi ne duk aikin. Ta yi mini bayani da tayar keke. Ta ce sama gaba ɗaya juyawa take yi a kan sanda guda kamar taya, shi ya sa duk abin da ka kamo a madubi, kafin ka gyara tsayuwa ya sulale ya fice. Montir ɗin yana da tasa sandar. In aka daidaita ta da sandar sama, ɗan moto, wato inji mai batir da ke jikinsa, zai riƙa juya bututun a hankali, yana bin wata duk inda ya yi. In ba a daidaita ba, to, aikin banza.

Da wata ya cika sha huɗu, bayan magariba, ta ce a gwada da Baba, tunda ga wata nan ƙato. Ta duba arewa da busol ɗinta, 'yar na'urar nan mai allurar nuna arewa, ta kamo watan, muka zaunar da Baba a kujera. To, mai lafiyar ido yana kanga ido a madubin yake gani. Baba kuwa sai ya nemo bakin madubin da yatsa, ya kawo ido, ya yi ta karkata kai yana laluben hasken da ɗan gurbin da ya rage masa. Ya daɗe. Can ya ɗago ya ce, "Masha Allah, na gani. Allah ya yi miki albarka." Na buga guɗa, Mma ta share hawaye, aka sauko da shi.

Da na komo sama na tarar da Yaya zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce, "Leƙa." Na leƙa, baƙi ƙirin. Ta ce, "Tun kafin ya kai idonsa watan ya fice. Ina kallon inda bututun ya nufa. Bai ga komai ba, tausayina ya ji." Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini wuri guda irin na ranar ba. Na ce ta haƙura, ta yi iya yinta. Ta kalle ni ta ce, "Ban ma fara ba."

Kuma ba ta fara ba ɗin. Washegari ta shimfiɗa tsohon zanen Mma ta warware montir ɗin gaba ɗaya, tana jera kusoshi a faranti bi da bi yadda ta cire su. Giris ɗin ciki ya daskare ya zama kamar tsohon ƙanzo, iskar teku kuma ta sa tsatsa ta fara cin haƙoran ƙarfen, shi ya sa moton yake ta gurnani ba ya ja. Ta wanke kowane haƙori da kananzir da tsohon buroshin goge baki, ta shafa sabon giris ɗan kaɗan, ta mayar. Ta yi ta matsar da ƙarfen nauyin da ke rataye a gefe guda har bututun ya zama in ka tura shi da yatsa ɗaya ya tafi, in ka sake shi ya tsaya inda yake. Duk wannan bayan ta dawo daga lekol ne, makarantar da take koyarwa, da allin aji a hannun rigarta.

Sai babbar matsala ta fito. An ƙera abin ne don ƙasar Turai, inda tauraron arewa yake can sama. Mu a Lome yana nan ƙasa-ƙasa, digiri shida kacal daga inda sama ta haɗu da ƙasa, benen maƙwabcinmu ma ya tare shi. Dole sandar montir ta kusan kwanciya, ita kuwa ta ƙi sauka, in an matsa mata sai ƙarfen nauyi ya bugi ƙafa. Na raka ta wajen wani mai walda, Bamine, ɗan ƙabilar bakin tekun nan, ta zana masa abin da take so a ƙasa da tsinke: guntun bututu da zai ɗaga kan sama, da faranti mai gangara. Ya kalli zanen, ya kalle ta, ya ce, "Tanti, ba dai bindiga ba ce ko?" Sau biyu tana mayar masa da aikin saboda ya karkace da abin da ni idona bai ma gani ba. A na uku ya miƙa mata ya ce shi dai a gaya masa ranar, zai zo ya ga abin da ake wahalar da shi a kai.

Saura sanin arewa ta gaskiya. Busol ɗin ashe ƙarya take yi, rodin da ke cikin simintin dal yana jan allurarta. Yaya ta sauka ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Baba, da kuka gina masallacin layinmu, yaya kuka fitar da gabas da yamma?" Ai sai fuskarsa ta washe. Ya ce a hau da shi gobe da hantsi, a samo sanda miƙaƙƙiya da zare da alli.

Ranar ban je kasuwa ba. Baba yana zaune cikin inuwar lema yana ba da umarni kamar mai gidan gini. "Rataya dutse a zare ki tabbata sandar ba ta jirkice ba. Ja da'ira ki kewaye ta. Inda kan inuwa ya taɓa da'irar da hantsi, sa alama. Sai ki jira ta sake taɓawa bayan azahar." Shi ba ya ganin inuwar, ita ke gaya masa, "Ta kusa, Baba. Saura kamar faɗin yatsa." Ya ce, "Kada ki yi gaggawa, ita ba ta yi." Da alamu biyu suka samu ta haɗa su da layi, gabas da yamma ke nan, ta gicciya wani a kai, ga arewa. Ta dasa ƙafafun, ta auna da ma'aunin ruwa irin na magina. Sauran yammacin Sha'aban kuwa, da an yi magariba sai ta kamo tauraro ɗaya ta tsaya kallon ko zai zame, ta murɗa kusa ɗan ƙiris, ta sake kallo. Daga ƙarshe na ga ta ɗauko kurfi da guduma tana ɗan ƙwaƙule siminti a ƙarƙashin kowace ƙafa. Na ce me ke nan kuma? Ta ce, "Na san gidanmu."

Ashe ta san shi. Ranar duban wata, muna ƙasa muna haɗa abinci, Baffanmu, ƙanen Baba, ya riga kowa hawa. Mutumin kirki ne, amma ba ya ganin abu ya ƙyale. Da muka hau da Baba bayan la'asar, sai muka tarar ya sa dattawa biyu sun ciccibi abin gaba ɗaya sun juya shi, yana tsaye yana karkaɗe hannu.

Ya ce, "Abin da za a duba watan azumi da shi, a bar shi yana kallon arewa? Na mayar da shi alƙibla."

Inna lillahi! Jinina ya hau, na buɗe baki, Yaya ta taka mini ƙafa. Ta ce, "Sannu da aiki, Baffa," muryarta ko rawa ba ta yi. Baba ne ya tambayi abin da ya faru, da aka gaya masa ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai dai ba ka canzawa. Ƙarfe ne fa, ba salla zai yi ba. Mayar wa yarinya kayanta." Yaya ta ce su ɗaga mata a hankali, ta bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya tana saka kowace a ɗan ramin da ta ƙwaƙule. Ta ɗora ma'aunin ruwa, ta gyara kusa guda, ta kunna moto, ta kanga kunne ta saurara. Rana tana faɗuwa, ga wani gajimare yana tasowa daga wajen Gana.

Aka kira magariba, suka yi salla a nan saman dal. Mai walda ya zo, yana gefe da hularsa a hannu. Dattawa suna ta zare ido babu wanda ya ga komai. Yaya ta duba wayarta ta ga inda ya kamata watan ya kasance, ta juya bututun, ta leƙa, ta ɗaure kusoshi. Ba ta ce ta gani ba, ba ta bar kowa ya leƙa ba. Ta kamo hannun Baba ta zaunar da shi ta ce, "Baba, kada ka yi sauri. Yau zai jira ka."

Ya nemo bakin madubin da yatsa. Ya kawo ido. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya ɗago ya share ƙwalla da hannun riga, ya koma. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗan kukan moton da hon ɗin zemijan daga titi. Ni ba watan nake tunani ba. Tsorona ɗaya, kada ya sake ɗagowa ya ce "Masha Allah, na gani" don ya faranta mata, mu rasa sanin gaskiya har abada.

Ya daɗe fiye da na farko. Can sai na ga ya tamke fuska, idonsa yana manne da madubin. Ya ce, "Ke! Wane irin wata ne wannan? Tun ina yaro jinjirin wata a garin nan kwance yake, ƙahonninsa sama. Wannan naki a kife yake."

Yaya ta zube a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Da ƙyar ta ce, "Madubin ne yake kifar da abu, Baba. Haka yake nunawa." Daga baya ta gaya mini da gangan ta ɓoye masa wannan. Wanda zai faɗa don tausayi, ƙahonni sama zai ce.

Baba bai ɗago ba. Ya yi kabbara a hankali, ya karanta addu'ar ganin wata, ya ci gaba da kallo, watan kuma yana nan bai gusa ba. Dattawa suka gano shi da idonsu suna ta kabbara, Baffa ya fi kowa ɗaga murya, babu wanda ya ce Baba ya tashi a ba shi wuri. Yana kallo har gajimaren ya iso ya rufe. Sannan ya jingina da kujera ya lalubo kan Yaya ya dafa, ya ce, "To, yanzu kam na gani."

Kafin azumi na gaba idon ya rufe gaba ɗaya. Bai ƙara cewa da ma ba. In an zo duban wata sai ya sa a hau da shi, ya zauna yana ba mutane labarin shekarar da ya ga wata a kife.

Ramukan nan uku suna nan a dal har yau, in na hau shanya nakan taka su da gangan. Abin da na koya wajen Yaya shi ne, in naka ya raunana, kuka a kansa ba ya ƙara masa komai, cewa ya yi sauri kuma zalunci ne. Sai dai ka zauna ka wanke haƙoran ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ka jira inuwa, ka koma wajen mai walda sau uku, har abin da yake nema ya tsaya ya jira shi. Ni na fi ta baki nesa ba kusa ba, amma ita ce ta cika wa Baba burinsa.